Rediyo Mai Aski da Autar Shaho

A layin bayan kasuwa babu wanda bai san Rediyo mai aski ba, kuma wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Siririn mutum ne dogo, kullum da tawul a kafaɗa da mataji a aljihun gaba. Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya ɓace tun yana firamare, ranar da malaminsu ya dafe kai ya ce, "Wai a ina ake kashe wannan rediyon?" 'Yan aji suka ɗauka, unguwa ta ɗauka, daga baya har mahaifiyarsa ta ɗauka.

Ya gwada sana'o'i kafin aski. Ya yi yaron mota, direban ya haƙura da shi na ɗan lokaci, sannan wata rana ya aike shi sayo ruwa ya ja motarsa ya tafi. Ya yi tsaron kanti, masu sayayya suka koma aiko yara. Kawunsa ne ya gano maganin abin. Ya damƙa masa injin aski ya ce, "Ga sana'arka. Nan ne kaɗai mutum zai zo da ƙafarsa ya zauna maka, ka ɗaure masa ƙyalle a wuya, ya kasa tashi sai ka sallame shi."

Kawu bai yi ƙarya ba. Shagon ɗaki ɗaya ne: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa sai hagu, madubi mai tsaga a kusurwa, benci, da hoton samfurin aski da ya koɗe har ba a gane ƙeya da goshi. Hannun Rediyo kuwa akwai kyau, shi ya sa ake daurewa. A bakinsa ake jin wanda ya haihu, da wanda ya kwanta asibiti, da wanda ya dawo daga tafiya ba tsaraba. Amma babban labarinsa shi ne na motar albasa da ta mutu musu a tsakiyar gada lokacin da yake yaron mota. Kowa ya san farkonsa, babu wanda ya san ƙarshensa. Daga dangin direban yake farawa, ya ratsa ta kan mai kayan, ya tsaya ya yi bayanin tayoyi, to daidai lokacin da mota za ta hau gada aski ya ƙare, mai kai ya kakkaɓe riga ya cika wandonsa da iska.

A gida ma haka abin yake. 'Ya'ya sun girma sun watse, saura shi da uwargida, tela ce mai keken ɗinki na ƙafa a bakin taga. Da ya buɗe baki sai ta ɗora ƙafa. In ya ɗaga murya ta ƙara gudu. Daga cikin ƙarar keken takan jefo masa "Uhm" ko "Ikon Allah" a inda ya dace da inda bai dace ba. Ya sani sarai ba ta ji, kuma abin yana ci masa rai. To amma wa zai kai wa ƙara, alhali mai karɓar ƙarar ma ba zai tsaya ya ji ba?

Shaho kuwa ya daɗe da ƙaurace wa garin. Mutane sun yi ta zuba maganin ɓera a sito da shaguna, shaho ya ci ɓeran da ya ci guba, ya bi shi. Ɓeraye suka dawo da 'ya'ya da jikoki, shaho bai dawo ba. Har wayar injin Rediyo sai da suka gwaigwaye. Ana cikin haka wata matashiyar likitar dabbobi ta zo daga hukumar kula da namun daji, aka tara mutanen layi a wani aji na makarantar unguwa, manya suka takure a kan bencin yara.

Likita ta ce za a kawo 'yan shaho uku da aka ƙyanƙyashe a cibiyarsu, a sa su cikin akwati a saman tsohon tankin ruwa har su yi fiffike, su ɗauki garin a matsayin gida. Amma sai unguwa ta sa hannu. Mai kaji ya miƙe ya ce shi dai a rubuta bai yarda ba, aka yi masa alkawarin raga, ya zauna yana ƙunƙuni. Kafinta ya ɗauki nauyin akwati. Mahauci, wani ƙaton mai tumbi, abokin Rediyo tun suna yara, ya ce nama nasa ne. Kowa ya yi alkawarin daina zuba guba.

"Saura mai ciyarwa," in ji Likita. "Zai hau tanki safe da yamma, ya ɓuya a bayan allo, ya zura nama ta bututu, ya zauna kamar awa guda yana leƙe ta ɗan rami ya ga kowa ya ci. Sharaɗi ɗaya ne. Kada su gan shi, kada su ji muryarsa. Shahon da ya saba da mutum ya tashi daga shaho."

Mahauci ya dubi kafinta. Kafinta ya dubi mai kaji. Awa guda da safe, awa guda da yamma, a can sama, baki a rufe!

"Likita," in ji mahauci, "ai muna da mutum."

Hannaye suka tashi gaba ɗaya. Layin da bai taɓa haɗa kai ko a kan gyaran kwata ba, ranar ya zama tsintsiya guda. Mugunta ce zalla, kuma babu wanda ya tuna da tsuntsaye a cikin lissafin, kunnuwansu kawai suka duba. Shi kuwa Rediyo, bawan Allah, ya ɗauka girmamawa ce. Idonsa ya ciko, ya miƙe zai yi godiya.

"Baba, za ka iya shiru kuwa?" Likita ta tambaya.

"Shiru? 'Yata, ai mu shiru gadonsa muka yi. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, in ya yi shiru..."

Mahauci ya jawo shi ya zaunar. Likita ta so ta ƙi. Amma ta sha zuwa garuruwan da ko mutum ɗaya ba ya ɗaga hannu, ga shi nan unguwa guda ta tsaya wa mutum. Ta amince.

Kwanakin farko ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Yakan ɗaure bakinsa da tawul kafin ya kama tsani. Ta ramin allo yana ganin su, munana, gashi tsilli-tsilli kamar askin ɗan koyo. Biyu manya ne masu haɗama, ta ukun ƙarama ce, kullum ana ture ta gefe. A zuciyarsa ya sa mata suna Auta.

Wata safiya Auta ta samu tsoka da ƙyar, ɗaya daga cikin manyan ya zo ya fizge daga bakinta.

"Kai, ka ji tsoron Allah!"

Maganar ta fito ta gefen tawul kafin ya ankara. Manyan biyu suka ruga kusurwa suka maƙale. Auta kuwa ta tako har bakin bututu, ta karkata kai gefe guda. Ya zura mata nama, ta haɗiye. Ta sake karkata kai, ta tsaya tana jira.

Jira take yi. A duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa samun mai rai da ya tsaya yana jiran maganarsa ta gaba ba. Ya ce a ransa kalma ɗaya dai ba za ta kashe kowa ba. Ya sauke tawul ya ce mata sannu. Washegari ya tambaye ta kwanan gajiya. Kafin mako ya zagayo ya gabatar mata da dangin direba. Bai ɗauki abin laifi ba, tunda dai ba ta gan shi ba, rabin sharaɗi na nan daram. Tana ci yana zuba, tana karkata kai yana ƙarawa. Wata yamma mota ta hau gada, ta mutu, aka yi abin da aka yi, aka sauko. Ya kai labarin ƙarshe. Ya daɗe zaune a bayan allon yana jin wani irin sanyi a ƙirjinsa, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya.

A ƙasa kuwa ana ta murna. Rediyo na saukowa da sauƙin baki, ana aski har a ji ƙarar fanka. Mahauci yana yawo yana karɓar yabo, wai shi ya kawo shawara.

Da fikafikai suka yi ƙwari, Likita ta zo ta sa wa kowanne zobe a ƙafa, na Auta ja, aka buɗe akwati. Manyan biyu ba su ɓata lokaci ba, suka kama shawagi a kan sito, ɓeraye suka shiga taitayinsu. Har mai kaji aka ji yana cewa "shahonmu".

Wata rana da tsakar rana mahauci na kan kujera, an aske masa rabin kai. Rediyo ya ce, "To shi direban nan, ka san kakarsa..." Sai inuwa ta gifta. Auta ta dira a saman ƙofar shago, ta buɗe fiffike ta tsala ƙara. Mahauci ya ga baki da farata a madubi, ya yi waje da ƙyalle a wuya, rabin kai fes rabi daji, bai tsaya ba sai bayan teburinsa.

Daga ranar ta samu wurin zama. Da Rediyo ya yi magana sai ta sauko. Shago ya zama wurin kallo, ana ɗaukar hoto da waya, ana jefa mata nama a titi. Ta cire wa wani dattijo hula. Ta bi Rediyo gida ta sauka a kan igiyar shanya, uwargida ta fito da muciya. Shi kuwa yana ta "Kai, wannan tsuntsuwa da fitina take," amma bakinsa ya ƙi rufuwa don daɗi. Sai ranar da ta sauka tsakiyar titi ɗaukar tsoka, mai babur ya taka birki har ya zube, tayarsa ta shafi jelarta. A nan Rediyo ya sha jinin jikinsa.

Likita ta zo ta tsaya a tsallaken titi, hannu a ƙugu. Auta na can kan turken lantarki.

"Baba, yi magana."

"To me zan ce, 'yata?"

Kafin ya rufe baki Auta ta dira a gabansa. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta juya ta dubi 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wa ya kawo shawarar a zaɓe shi?" Mahauci ya duƙa yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Sannan ta yi bayani dalla-dalla. A wurin Auta muryar nan ita ce abinci. Muddin tana jin ta ba za ta koyi farauta ba, kuma shahon da ba ya tsoron mutum, ko mota ta take shi ko wani ya kama shi. Za ta ba su zuwa ƙarshen wata. In Auta ba ta rabu da mutane ba, za a mayar da ita cibiya, a keji, har ta mutu. Don haka kada kowa ya ƙara ba ta ko ƙashi, in ta sauko a kore ta, shi kuma Baba ya rufe baki.

"Sai in riƙa raɗa," in ji Rediyo.

"Gwada mu ji."

Ya sunkuya ya raɗa mata a kunne cewa yau ana zafi. Wata mata da ke shanya a benen tsallake ta ce, "Wallahi kuwa, Rediyo!"

"Shiru ɗungurungum," in ji Likita. "A shago, a titi, a gida."

Ya dubi Auta, ya tuna kejin kajin mai kaji, ya kwatanta ta a ciki. Ya gyaɗa kai. Gyaɗa kan da layin ya fara gani daga gare shi ke nan ba tare da ƙarin bayani ba.

Wannan karon unguwa ta yi aiki tsakani da Allah, ƙila don kunya. Mahauci ya rufe teburinsa da raga, mata suka riƙa rufe kwandon shara, duk wanda ya ga Auta ta yi ƙasa-ƙasa sai ya tafa hannu ya kore ta. Shirun da suka yi shekaru suna roƙo kuma ya samu, har ya yi musu yawa. Kwana biyu aka ji daɗi. A na uku mutane suka gano cewa injin aski yana da ƙara mai ban haushi, kuma zama ka yi ta kallon fuskarka a madubi ba abin so ba ne. Matar kafinta ta haihu, rabin layi ba su ji ba sai da aka kwana biyu, aka yi ta gaba a kan rashin zuwa barka. Tsohon mai gadin kasuwa ya kwanta ciwo babu wanda ya leƙa shi, don wanda ya saba shelantawa yana can yana nuna wa mutane kujera da yatsa.

Mahauci ne ya fara gazawa. Yana kan kujera, shirun ya ishe shi, ya ce bari shi ya ba da labarin gada.

"Wato motar siminti ce..."

Jijiyar wuyan Rediyo ta miƙe. Siminti! Ya cusa gefen tawul a baki ya cije.

"Direban kuma wani gajere ne, maraya, ba shi da kowa..."

Mutumin da ke da kaka da kawunnai har bakwai! Rediyo ya kama kan mahauci ya murɗa shi hagu da ƙarfin da aski bai buƙata ba, hawayen takaici na taruwa a idonsa. Amma bai ce uffan ba.

A gida uwargida ta ɗinka wa riga hannu a baibai har sau biyu. Ashe duk shekarun nan da muryarsa ƙafarta ke auna gudu. Takan tsaya ta dube shi yana cin abinci shiru kamar baƙo, ta buɗe baki, ta fasa.

Auta ta rame. Tana zuwa kan turke ta yi ta ƙara, ba mai amsawa. Wata yamma, wata ya kusa ƙarewa, ta sauko ta tsaya a dokin ƙofar shago, a ƙasa, kamar mai jiran layi. Rediyo na tsaka da yi wa kafinta aski. Ta dube shi, ta karkata kai gefe guda, daidai yadda take yi a bakin bututu.

Layin ya yi tsit. Kowa ya san kalma ɗaya ta isa. Shi ma ya san kalmar, tana nan a kan harshensa, sannu ce kawai. Ya ajiye inji. Ya zare tawul daga kafaɗa ya kaɗa mata shi da ƙarfi. Ta yi tsalle ta hau rufi tana kuka, ba ta gane ba. Ya cire takalminsa ya wurga, ya bugi kwano kusa da ita. Sai ta tashi. Ya tsaya da ƙafa ɗaya ba takalmi har ta ɓace a bayan sito, sannan ya koma ciki ya ɗauki inji. Kafinta ya ga fuskarsa a madubi, ya sunkuyar da kai tun ba a ce ya sunkuyar ba.

Ba a ƙara ganinta a layin ba. Rediyo ya riƙa fitowa yana duba sama, yana duba gefen titi, da ya hango tsumma a kwalta sai ya ruga ya ga ko ita ce. Sai wata safiya mai kaji ya shigo a guje yana haki.

"Na gan ta! Mai jan zobe! Ta ɗauke wani ɓera a bayan sito, wallahi ya kai ɗan kyanwa!"

Likita ta zo da madubin hangen nesa, layi ya fito ƙwansa da ƙwarƙwata aka tsaya a gindin tanki. Can sama shaho uku na kewayawa. Ta duba ta duba, ta ce Auta ce ta tsakiya.

"Saura gwaji ɗaya. Baba, kira ta."

Ya yi gyaran murya. Muryar ta fito a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Auta!"

Ya sake kira, wannan karon da muryarsa ta ainihi, wadda ake ji har bakin kasuwa. Ta tsakiyar ta yi kewaye ɗaya, ta bi 'yan'uwanta suka yi gabas. Ko karkata kai ba ta yi ba.

Aka ɗauki tafi. Likita ta ce an yi nasara, ta gode wa unguwa, ta gode wa Baba musamman. Mahauci ya daki kafaɗarsa ya ce, "To mutumina, an buɗe tasha, bismilla!" Jama'a suka matso, yau da gaske suke son ji.

Rediyo ya ce, "To, madalla." Ya saɓa tawul ya nufi gida.

Ya yi murna, Allah ya sani ya yi murna. Amma murnar ba ta hana shi jin cewa mai sauraronsa guda ɗaya a duniya ta tafi ba, kuma shi da hannunsa ya kore ta. Ya shiga ya zauna a kujerarsa. Keke na ta gudu a bakin taga. Can sai ya tsaya.

"Malam."

"Na'am."

"Wai motar nan taku da ta mutu a kan gada, yaya aka ƙare ne? Tun ina amarya kuke kan gadar nan, ban taɓa jin kun sauka ba."

Ya ɗago ya dubi ƙafarta tukuna, don ya san inda gaskiyar magana take. Ƙafafun biyu suna ƙasa. Ta jawo ƙyalle ta lulluɓe keken, ta juyo da kujerarta ta fuskance shi.

Ya goge ido da gefen tawul, ya gyara zama.

"To, kin san shi direban, kakarsa ta wajen uwa..."

Uwargida ta lumshe ido ta ja dogon numfashi. Ƙafarta ta dama ta fara lallaɓawa wajen keke da kanta. Ta sa ta hagu ta take ta, ta ce, "Ina jin ka."